Ranar da Muka Rasa Kunya

Alhamis da safe

'Yata Likita,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya baƙunta, yaya sanyin tsaunin nan da kika ce yana ratsa bargo biyu? Allah ya sa kin fara sabawa. Na san za ki ce ke ba likita ba ce, malamar jinya ce. Ni dai duk wanda ya iya yi mini allura ban zabura ba likita ne a wurina, kuma ban ga mai hana ni faɗa ba.

Mu nan lafiya lau. Gwiwar hagu tana nan da halinta, in hadari ya taso ita ke fara sanar da ni. Kunne kuwa sai abin da ya ƙaru. Shekara talatin da ɗaya a gaban injin buga takardu ba wasa ba ce. Don haka ki daina wahalar da kanki kina hawa tudu neman sabis don ki kira ni. Ke ki yi ta ihu, ni in yi ta "na'am?", a tashi babu wanda ya ƙaru. Tunda direban da ke kai muku magani yana bi ta ƙofar gidana duk Alhamis, ya kuma biyo in zai dawo a ƙarshen mako, takarda ta ishe mu. Maƙwabciyata Tela tana gaishe ki, ta ce rigar da kika bar mata saura maɓallai kawai.

To 'yata, akwai maganar da tun jiya nake juya biro a kanta. Mun yi rashin karyarki Kunya ranar Talata. Ban san yadda zan faɗa miki ba sai haka. Amana kika ba ni, ga shi ban iya riƙe ta ba. Kwanonta da igiyarta na ɗauke na ajiye a kan taga, don ganinsu a ƙasa yana taɓa mini zuciya. Ki yi haƙuri, ki kuma yafe mini.

Zan tsaya a nan. Tela ta leƙo ta ce direba yana ta danna hon tun ɗazu.

Kawunki

*

Asabar

Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ka riƙa shafa man gwiwar nan safe da yamma, ba sai ta yi tsami ba. Ni lafiyata ƙalau. Aikin ne dai da yawa, mu biyu ne kacal a ɗan asibitin, ga ma'aikatan madatsar ruwa kullum da mai yankewa da mai targaɗe.

A tsaye na karanta takardarka a ɗakin magani. Da na kai ƙarshe sai na ga kaina zaune a kan kwali. Abokiyar aikina ta shigo ta same ni a haka, ta ɗauka wani ne ya rasu a gida. Da na ce mata kare ne ta buɗe baki za ta yi dariya, ta dubi fuskata, ta fasa.

Kawu, ba ka san yadda na same ta ba, don a lokacin ba mu saba ba. Sai an yi wani taron dangi nake jin Umma tana cewa, "Je ki gai da kawunki, kakanmu ɗaya da shi." A shekarar da Umma ta kwanta ciwon ajali na tsinci Kunya a bayan ɗakin wanki na asibiti, cikin kwalin safar hannu, ko idonta bai gama buɗewa ba. Na kawo ta gida ina tsoron faɗa. Kwana uku tana ƙarƙashin gado, ko madara aka ajiye ba ta fitowa sai kowa ya juya baya. Umma ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba, ta ce, "Wannan kam kunya ce da kanta." Sunan ya bi ta. Bayan Umma ta tafi, wata takwas ba ni da wanda nake ba labarin wunina in na dawo daga aiki sai ita.

Da aka turo ni nan na bi 'yan'uwa na kusa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce shi ba ya ajiye kare. Kai da kake can nesa a zumunci ka ce, "Kawo ta, amma iyakarta tsakar gida."

Ba na so in tayar maka da hankali, amma ka gaya mini. Mota ce ko ciwo? Ta sha wahala? A ina ka binne ta? In da hali ka ɗora dutse a wurin don in gane in na dawo. Kwanon ka ba mai buƙata, igiyar ka ajiye mini.

Laifina ne da na bar ta a can.

'Yarka

*

Litinin

'Yata,

Yau gaisuwa ta jira tukuna. Kunya ba ta mutu ba! Ɓata ta yi. Ki sake karantawa, ɓata ta yi, ba mutuwa ba.

Na karanta takardarki sau biyu, na ɗauka na nufi shagon Tela ko hula ban sa ba. Ta sa na maimaita mata abin da na rubuta miki, sai ta dafe kai ta ce, "Malam, ai ta'aziyya ka aika wa yarinyar nan! Mun yi rashi, ki yi haƙuri, na ɗauke kwanonta. Me ya rage?" Ta kira wayarki sau bakwai ba ta shiga. Ga shi takardar nan sai Alhamis za ta tafi, kina can kina kukan abin da bai faru ba.

Ga yadda aka yi. Ranar Talata masu gyaran famfo suka zo, suka bar ƙofa a buɗe suna shigo da bututu. Tela ta ce a daidai lokacin tayar wata babbar mota ta fashe a bakin titi, har almakashinta ya faɗo daga tebur. Ni ko alama ban ji ba. An ce in kunne ya ji jiki ya tsira, to nawa bai ji ba. Sai da la'asar na kai mata abinci na ga wayam. Na ce yunwa za ta dawo da ita, na bar ƙofa a buɗe na zauna. Ranar Laraba ma haka na yi. Wannan zaman na kwana biyu shi ne na ji nauyin rubuta miki, shi ya sa na dunƙule maganar har ta zama wata.

Tun Alhamis nake yawo. Kun kuwa ja mini ke da uwarki da sunan nan. Na tsaya wurin mai shayin bakin tasha na ce, "Don Allah ba ku ga Kunya a nan ba?" Ya ce, "Baba, yaushe rabon duniya da ita?" A layin masu wanki na tambayi wata mata ko akwai Kunya a gidansu, saura ƙiris ta watsa mini ruwan kumfa.

Amma an gan ta. Ranar Asabar mai katako na bayan tasha ya ce wata karya ruwan toka mai farar ƙafa ɗaya tana kwana ƙarƙashin tulin katakonsa. Muka haɗu mu shida muka kewaye wurin, da igiya da buhu. Na gan ta da idona, 'yata. Ta rame. Na ƙwala mata kira, ta dube ni kamar ba ta taɓa cin abincin hannuna ba, ta bi ta tsakanin ƙafafun mai katako ta tsallake kwata. Mun bi ta har gadar jirgi ta ɓace mana. Gobe za mu ƙaro mutane.

Yanzu ga gaisuwar. Ina fatan kina lafiya, nima lafiya, man gwiwa ina shafawa in na tuna.

Abu na ƙarshe. Kin ce laifinki ne da kika bar ta a nan. Ban musa ba, kurma ba ya gadi. Amma maganar ta yi mini zafi, kuma gara in faɗa miki da in riƙe a ciki.

Kawunki

*

Juma'a

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gai da Tela. Ka yi haƙuri da rubutun. Na yi kuka na yi dariya lokaci ɗaya, har wani bawan Allah da nake ɗaure wa yatsa ya tambaye ni ko ciwon nasa ne ya kai haka.

Kafin komai, maganar da ta yi maka zafi. Abin da nake nufi, laifina ne da na kama hanya na tafi na bar ta, ni da na san halinta. Ban ce a hannunka ba, ko a mafarki ba zan ce ba. Duk dangi kai kaɗai ka buɗe mini ƙofa. In ka sake kiran kanka kurman da ba ya gadi za mu ɓata, kuma ka san ni ke riƙe da allura.

Yanzu don girman Allah ka sallami rundunar nan. Kare in ya firgita ba ya gane kowa, ko mai shi. Duk wanda ya nufo shi da sauri mafarauci ne a wurinsa, kowane bi da kuka yi mata ƙara mata nisa kuke yi. Ranar da ta fita abin da ya kamata shi ne a fara duba kusa, ƙarƙashin motoci, bayan tankin ruwa, cikin kwalbati, a kuma gaya wa maƙwabta tun ƙafarta ba ta yi nisa ba. Wannan ya wuce, ba don in ɗora maka na faɗa ba, ni ce ban bar maka bayani ba. Ga na yanzu.

Ka sauko da kwanonta daga taga. A cikin ƙunshin nan akwai rigar sanyina, kwana huɗu ina aiki da ita ina barci da ita. Kada Tela ta ga datti ta wanke, warin nan shi ne maganin. Ka kai rigar da kwanon da ruwa wurin mai katako, daidai inda take kwana. Tunda ta taɓa samun mafaka a nan za ta koma in aka ƙyale ta. Abinci ya zama mai ƙarni, kifin gwangwani ya fi. Kullum lokaci ɗaya, da sassafe kafin a tayar da injin yanka katako. In ta fito kada ka kira ta, kada ka dube ta cikin ido, kada ka miƙa hannu. Ka zauna a ƙasa ka ba ta gefe, ka yi kamar harkar gabanka kake yi. Ita za ta zo da kanta, ko kwana nawa za a ɗauka.

Ga hotonta guda ɗaya da nake da shi. Ka kai wa tsofaffin abokan aikinka su buga, a sa lambar Tela, a rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada a bi ta, a kira waya kawai. A liƙa a tasha da gadar jirgi, ka kuma bar ɗaya a asibitin dabbobi. A rubuta kare ya ɓata, Kawu. Kada ka sa a buga wai ana cigiyar Kunya.

'Yarka

*

Juma'a

Kawu,

Ina gaishe ka, Allah ya sa wannan ta same ka lafiya. Ni dai jikina lafiya.

Direba ya iso jiya ba takarda. Ya ce ya yi hon, ya sauka ya buga ƙofa, ba kowa, shagon Tela ma a rufe. Sau uku ina tambayarsa ko ya duba ƙarƙashin kujerar mota, har ya ji haushi.

In labarin Kunya ne ya yi muni, ka rubuta mini shi a miƙe. Ta mutu, ko ba a gan ta ba. Zan iya ɗauka. Amma ba ita ce ta hana ni sukuni ba yanzu. Sai da na aika waccan takardar na zauna na yi tunani. Na sa dattijo mai ciwon gwiwa zama a ƙasa mai sanyi da sassafe, ga damina ta kankama, ga manyan motoci suna ja da baya a wurin masu katako, kai kuma ba ka jin tahowarsu. Wace irin malamar jinya ce ni?

Na nemi izinin kwana uku, shugaban aikin ya ce sai an samo mai canjina. In Alhamis mai zuwa ban ga rubutunka ba zan hau motar maganin nan, da izini ko babu.

Ka bar neman in ya fi ƙarfinka. Kare kare ne, Kawu. Kai kuwa ba ni da wani kamarka.

'Yarka

*

Laraba

'Yata Likita,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki zauna a wurin aikinki, kada ki hau motar kowa. Ina lafiya, in ban da mura kaɗan. Kunya tana gida. Ga ta nan kwance a kan ƙafata ina rubutun nan, in kin ga layi ya karkace ita ce ta motsa.

Kafin takardarki ta iso mun riga mun sake bin ta, mu goma sha ɗaya. Kwana shida ko ƙeyarta ba a ƙara gani ba. Da na karanta bayaninki na ce ashe akwai abin da yaro ke hangowa babba bai hango ba. Na sallami jama'a, aka buga hoto, na ɗauki riga da kwano.

Litinin da Talata na zauna a banza, sai kyanwar mai katako da ta yi ƙiba a kaina. Laraba muka ga sawu a cikin garin katako, na kare. Ranar Alhamis ina zaune a ƙasa na buɗe tsohuwar jarida, sai na ga wani abu ruwan toka ta wutsiyar ido, can bakin tulin. Ban juya ba. Ta zauna, na zauna. Mai katako, Allah ya yi masa albarka, ya hana a tayar da inji har azahar, Tela kuma ta rufe shago ta tsaya a bakin ƙofar wurin tana korar mutane kamar 'yar sanda. Dalilin da direbanki bai same mu ba ke nan. Ranar ba ta matso ba, sai da na tashi ta ci. Juma'a ta matso kamar taku goma. Asabar aka wuni ana ruwa, ba ta fito ba, na koma gida na ce shi ke nan.

Lahadi ba a aiki, wurin babu kowa sai Tela can a bakin ƙofa. Sanyi ya dame ni, na saɓa miki, na ɗauko rigar taki na rufe gwiwata da ita. Ina jin gyangyaɗi ne ya ɗauke ni. Ban ji tahowarta ba, kin san ba zan ji ba. Nauyi kawai na ji. Na buɗe ido na ga ta cusa hancinta cikin hannun rigar, ta ɗora kanta a kan gwiwar nan mai ciwo. Wallahi kamar an ɗora mini dutse, amma ko numfashin kirki ban yi ba. Can sai ta ɗago ta shinshina hannuna, ta tsaya, sai jikinta duka ya kama ɓari. Tela ta ce wani irin kuka Kunya ta yi da ta jiyo tun daga bakin ƙofa, har ita ma ta fashe da nata. Ni kunnena bai kama ba, amma na ji shi a ƙashin gwiwata.

Igiyar da na zo da ita a aljihu ta koma gida. Ina gaba da rigar a kafaɗa, tana biye, ana ta kallonmu a tasha. Likitan dabbobi ya duba ta, ya cire mata kaska, ya wanke wani yanka a ƙafarta, ya ce a riƙa ba ta abinci kaɗan kaɗan.

Tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, dokar nan ta iyakarta tsakar gida ba ta yi sati biyu ba ta karye. A bakin ƙofar ɗakina take kwana. In an buga ƙofar gida sai ta zo ta dafa mini ƙafa, in tukunya ta tafasa ta je ta dawo har sai na tashi. A kwana goma sha taran nan na ƙona tukunya biyu, wani tsohon abokina ya zo daga nesa ya yi ta bugu ya koma ina ciki zaune. Kin ɗauka ajiya kika ba ni. Ashe kunne kika bar mini, ban sani ba sai da ya tafi.

Takardarki ta ƙarshe na karanta, layin ƙasan nan har sau uku. Ba zan ce komai a kai ba, murar ce ke sa idona ruwa.

Kawunki

*

Alhamis

'Yata Likita,

Gaisuwa mai yawa. Takardunki huɗu duk sun iso, da maganin murar da ya zo bayan mura ta warke. Gwiwa da sauƙi. An sa wa ƙofar gida sakata mai rufe kanta, masu gyara ko sun so su bar ta a buɗe ba za su iya ba.

Akwai labari. Kwanan nan na ga Kunya tana ta cika, na ɗauka hannuna ne ya yi nauyi wurin zuba abinci, Tela har faɗa ta yi mini. Na mayar da ita wurin likitan dabbobi. Ya tattaɓa cikinta, ya sa na'urarsa, sai na ga yana dariya yana ɗaga mini yatsu biyar. Ashe yawon nan ba duka ne na wahala ba. Ya ce 'ya'ya biyar ne a cikinta, nan da sati uku za ta haihu. Mai katako ya ce ɗaya nasa ne tunda a harabarsa aka yi baƙunta, Tela ma ta kama ɗaya tun ba a haifa ba. Na ce su dakata, mai kaya ba ta nan.

Kin rubuto cewa aikinki zai ƙare ƙarshen wata, in duba miki ɗakin haya kusa da asibitinku na nan gari. Na duba uku. Na farko rufinsa yana yoyo, na biyu tagarsa tana kallon bola, mai na ukun da na ce masa akwai kare shida sai ya tuna ya riga ya yi wa wani alkawari.

Akwai ɗaki a nan gidan, na gabas. Tun rasuwar matata shekara tara ke nan ban buɗe shi ba sai don shara. Shekaranjiya na buɗe tagoginsa, na fitar da tarkace, na sa an yi fenti. Daga nan zuwa asibitinku mota ɗaya ce. Ni ban iya roƙo ba, ban taɓa yi ba. Ki zo ki zauna, 'yata. In ba ki so ba komai, iska dai ta shiga ɗakin.

Tela ta auna labule. Ta ce shuɗi, na ce ba a yanke wa mai ɗaki hukunci.

Kawunki

*

Asabar

Kawu,

Ina gaishe ka, Allah ya ƙara girma. Ina lafiya.

Ka ce wa Tela shuɗin ya yi. Ina tafe ranar Lahadin ƙarshen wata, da akwati biyu.

'Yarka